Zaɓen Lu'ulu'u Mai Tsohon Yanka Domin Zoben Baiko Mai Sansani

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan duwatsun lu'ulu'u da aka yanka da hannu kafin shekarun 1930, da kuma abin da ya kamata a lura da shi idan za a ɗora irinsu a tsakiyar zoben baiko wanda ƙananan duwatsu suka yi wa ƙawanya. An bi tarihin yankan, an dubi yadda haske ke tafiya a cikin dutsen, sannan an nuna wuraren da tsohon dutse da sabon zobe suke saɓawa. An kuma gwada samar da kalmomin Hausa ga wasu sassan wannan sana'a.

1.0 Gabatarwa

Zoben baiko mai ɗauke da lu'ulu'u al'ada ce ta Turai da Amurka. Misalin da marubuta tarihin kayan ado suka fi kawowa shi ne zoben da Yarima Maximilian na Ostiriya ya bai wa Mary ta Bagandi a shekarar 1477. Sai dai al'adar ba ta sauko daga fada ta game gari ba sai a ƙarni na 20, musamman bayan tallar da kamfanin De Beers ya fara a Amurka a ƙarshen shekarun 1930, wadda ta haifar da shahararren taken nan na 1947 mai nuna cewa lu'ulu'u ba ya gushewa. A ƙasar Hausa zobe ba rukuni ba ne na baiko. Kuɗin gaisuwa da goro da sa-rana su ne suka tsaya a wannan matsayi, ko da yake a yau ana ganin zoben a wasu bukukuwa na birane.

Kafin a shiga bayani akwai buƙatar a daidaita kalmomi. Kalmar lu'ulu'u aro ce daga Larabci, inda take nufin ƙwayar da ake samu a cikin kifin ƙumba na teku, amma Hausa ta faɗaɗa ta har ta haɗa da dutsen nan mai tsananin tauri da wasu ke kira daimon. Wannan ma'ana ta biyu ake nufi a nan. Ƙawanyar ƙananan duwatsu da ke kewaye babban dutse kuwa an kira ta sansani, domin Hausawa kan ce wata ya yi sansani idan da'irar haske ta kewaye shi, kuma irin wannan hoton ne Turawa suka ɗauka wajen raɗa wa zoben suna. Shi kansa dutsen yana da sassa biyar: teburi, wato shimfiɗaɗɗiyar fuskar sama, kambi, gangaren da ke kewaye da teburin, ɗamara, siririn layin da ya raba sama da ƙasa, mazurari, sashen ƙasa mai tsukewa, sai cibiya, 'yar fuskar da ake yi a tsinin mazurarin. Ma'aunin nauyi shi ne karat, wanda ya yi daidai da miligiram 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na giram. Ba shi da alaƙa da karat ɗin da masu sayen zinare suka sani, irin 18 ko 21 ko 22, wanda shi tsarkin zinare yake aunawa ba nauyi ba.

2.0 Asalin Tsofaffin Yanka

Har zuwa farkon ƙarni na 18 kusan duk lu'ulu'un da ya shiga Turai daga Indiya yake fitowa, ta kasuwar Golkonda. Wajajen 1725 aka gano shi a Birazil, sannan a ƙarshen shekarun 1860 aka gano shi a Afirka ta Kudu, inda mahaƙar Kimbali ta buɗe a 1871. Bayan duwatsun Afirka sun cika kasuwa sai 'yan kasuwa suka fara kiran na Indiya da Birazil 'yan tsohuwar mahaƙa, daga baya sunan ya koma kan irin yankan da aka fi yi musu.

Yankan tsohuwar mahaƙa ya samo siffarsa ne daga ƙarancin kayan aiki. Lu'ulu'u shi ne mafi tauri a cikin duwatsun da ake haƙowa, yana mataki na 10 a ma'aunin Mohs, don haka babu abin da ke cin sa sai ɗan'uwansa. Ɗanyensa yakan zo da fuskoki takwas, kamar dala biyu da aka haɗa ta tushe. Mai yanka na ƙarni na 18 da na 19 ba shi da zarto mai inji, ba shi da na'urar da za ta kewaye masa dutse daidai. Abin da yake yi shi ne ya goga dutse da dutse har kusurwoyi su dakushe, sannan ya fitar da fuskoki a kan faifan ƙarfe mai juyawa da aka shafa wa garin lu'ulu'u da mai. Tun da duk abin da ya goge hasara ce ga mai kaya, sai ya bi siffar ɗanyen dutsen gwargwadon iko. Sakamakon shi ne dutse mai kama da matashin kai, ba murabba'i sosai ba kuma ba da'ira ba, mai dogon kambi, ƙaramin teburi, zurfin mazurari da babbar cibiya. Fuskokinsa 58 ne a ƙa'ida, amma da wuya a sami biyu da suka yi daidai da juna.

A shekarar 1874 aka yi rajistar injin kewaye dutse wanda Charles Field ya ƙera a masana'antar Henry Morse ta birnin Bostan, kuma wajajen 1900 zarto mai inji ya shigo. Daga nan da'ira ta yiwu. Abin da ake kira tsohon yankan Turai, wanda ya yi tashe tsakanin 1890 da 1930, shi ne ɗan wannan zamani: ya zama zagayayye, amma ya riƙe dogon kambi da ƙaramin teburi da buɗaɗɗiyar cibiya na magabacinsa. A 1919 Marcel Tolkowsky, ɗan gidan masu yanka daga Antwaf ta Beljiyam, ya wallafa lissafin da ya nuna cewa teburi mai kashi 53 cikin ɗari na faɗin dutse, da kambi mai kusurwar digiri 34.5, da mazurari mai digiri 40.75, su ne za su fi maido da haske ga mai kallo. Daga wannan lissafi yankan zamani ya tsiro.

Akwai wasu yanka biyu da ake sa su a wannan rukuni. Yankan fure ya girmi duka waɗanda aka ambata, domin tun ƙarni na 16 ake yin sa. Ƙasansa a shimfiɗe yake, ba shi da mazurari, samansa kuma tulluwa ce mai fuskoki masu kusurwa uku, daga uku har zuwa 24. Yankan Asscher kuwa Joseph Asscher na Amsitadam ne ya fito da shi a 1902, mutumin da daga baya, a 1908, ya fasa dutsen Cullinan mai karat 3,106. Murabba'i ne da aka datse kusurwoyinsa, fuskokinsa dogaye ne a jere kamar matakala.

Abin da ya sa waɗannan duwatsu suka yi ƙaranci a yau shi ne an daɗe ana sake yanka su. Ko dutsen Koh-i-Noor bai tsira ba: a 1852, a Landan, an rage shi daga kimanin karat 186 zuwa 105.6 don kawai ya ƙara walƙiya. Abin da aka yi wa dutsen sarauta an yi wa dubban duwatsun talakawa a cikin ƙarni na 20, kuma aiki ne da ba a iya mayar da shi.

3.0 Haske a Cikin Dutse

Gudun haske a cikin lu'ulu'u bai kai rabin gudunsa a sarari ba. Ma'aunin karkatar haskensa 2.42 ne. Saboda haka duk hasken da ya bugi wata fuska daga ciki a kusurwar da ta haura digiri 24 da ɗoriya ba zai fita ba, sai ya dawo ciki kamar ya bugi madubi. Aikin mazurari shi ne ya juya hasken sau biyu ya maido shi ta sama. Idan mazurarin ya yi zurfi da yawa, tsakiyar dutsen sai ta yi duhu kamar kan ƙusa. Idan ya gaza zurfi, sai a ga inuwar ɗamara a cikin teburi, fara-fara kamar idon kifi. Duka aibubbukan biyu ana samun su a tsofaffin duwatsu fiye da sababbi, domin ido da hannu ne suka yi aikin.

Bambanci na gaskiya tsakanin tsohon yanka da sabo yana cikin girman fuskokin ƙasa. A yankan zamani an tsawaita ƙananan fuskokin mazurari har suka zama siraran tsinke, don haka dutsen yana watsa haske fari a gutsuttsure, da yawa kuma da sauri. A tsohon yanka fuskokin gajeru ne masu faɗi, sai hasken ya fito a dunƙule, a hankali, kuma dogon kambi yana taimakawa wajen raba shi zuwa launukan bakan-gizo. An yi waɗannan duwatsu ne a zamanin kyandir da fitilar gas, kuma har yanzu a hasken da bai yi ƙarfi ba suka fi nuna kansu. Wanda ya duba irinsu a ƙarƙashin fitilun shago masu tsananin haske kawai bai gan su ba tukuna. Ya kamata a fita da dutsen bakin taga, a kai shi inuwa, a kuma duba shi da yamma.

Ita cibiya, wadda ake gani daga sama kamar ɗan rami a tsakiya, wanda bai saba ba yakan ɗauka aibu ce. An yi ta ne da gangan don kada tsinin ya karye, kuma ita ce shaidar farko ta tsohon aiki. Sai dai girmanta yana da iyaka: idan ta yi faɗi har ana hango ƙarfen zobe ko fatar yatsa ta cikinta daga nesa, to ta fara cin kyan dutsen.

4.0 Abin da Sansani Ke Ƙarawa da Abin da Yake Tonawa

Kewaye babban dutse da ƙanana ba sabon abu ba ne. An yi shi a Ingila tun ƙarni na 18 da siffar fure, an kuma sake fasalinsa a shekarun 1920 da layuka miƙaƙƙu a kan ƙarfen filatinam. Shuɗin lu'ulu'un Hope mai karat 45.52, wanda ke gidan tarihi na Smithsonian a Washintan tun 1958, fararen duwatsu 16 ne suka kewaye shi. Zoben baikon Gimbiya Diana na 1981 shi ma haka yake, shuɗin yakutu a tsakiyar lu'ulu'u 14.

Amfanin sansani na farko ga tsohon dutse shi ne faɗi. Zagayayyen dutse na zamani mai karat ɗaya yakan kai milimita 6.5, amma tsohon yankan Turai mai wannan nauyi yakan tsaya kusa da milimita 6, domin nauyinsa ya tafi a tsawo. Idan aka kewaye shi da duwatsu masu milimita ɗaya, faɗin fuskar zoben zai kai milimita 8 ko fiye, wato kusan faɗin dutsen zamani mai karat biyu. Amfani na biyu, wanda a ganina ya fi na farko muhimmanci, shi ne kariya. Taurin lu'ulu'u yana hana shi karcewa ne, ba ya hana shi tsagewa. Yana da jijiyoyi ta fuskoki huɗu waɗanda bugu ɗaya a daidai wurin zai iya ɓalle shi. Tsofaffin duwatsu da yawa ɗamararsu siririya ce kamar kaifin wuƙa, kuma a nan ne suke gutsurewa. Sansani yana zama katanga tsakanin wannan ɗamara da bakin ƙofa ko gefen tukunya.

Matsalolin kuwa uku ne, kuma launi ne babba. Cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka, wadda aka fi sani da GIA, tana auna launin lu'ulu'u daga harafin D, mara launi ko kaɗan, zuwa Z, mai ruwan ɗorawa a fili. Yawancin tsofaffin duwatsun da suka rage suna faɗawa tsakanin J da M ko ƙasa da haka. Dalili biyu ne: duwatsun Afirka ta Kudu na farko da yawa suna ɗauke da sinadarin naitirojin mai ba su ɗan rawaya, sannan farare tas ɗin su aka fi zaɓa a sake yankawa. Idan tsohon dutse yana zaune shi kaɗai, ido ba ya damuwa da wannan launi, har ma yakan ga ɗumi a cikinsa. Amma ƙananan duwatsun da maƙera ke da su a hannu galibi farare ne, masu daraja F ko G ko H. Da zarar an jera su kewaye da dutse mai L, sai su tona masa asiri, ya koma kamar tsohon haƙori a tsakiyar sababbi. Maganin shi ne a nemi ƙananan da ba su fi shi fari da mataki ɗaya ko biyu ba, ko kuma a riƙe babban dutsen da jan zinare, wanda ke sa ido ya jingina rawayar ga ƙarfen. Akwai masu son bambancin da gangan, kuma wannan zaɓi ne mai kyau muddin an gan shi kafin a biya, ba bayan an gama ƙira ba.

Matsala ta biyu ita ce irin walƙiyar. Ƙananan duwatsun yau, waɗanda akasarinsu a birnin Surat na Indiya ake yanka su, suna da fuskoki 57 ko 58 duk da ƙanƙantarsu, don haka ƙyalƙyalinsu yana da kaifi. Kusa da su tsohon dutse mai manyan fuskoki yakan zama kamar ya yi barci. Akwai wani yanka mai sauƙi, mai fuskoki 17 ko 18 kacal, wanda shi ake sa wa a gefen zobba a farkon ƙarni na 20. Walƙiyarsa a dunƙule take, ta dace da ta babban dutsen. Samun sa ya fi wuya, amma shi ne ke raba zoben da ya zama abu ɗaya da zoben da aka harhaɗa. Wannan batu ya fi tsanani ga yankan fure, wanda tun asali ba shi da mazurarin da zai maido haske. Shi sheƙi yake yi kamar ruwa a tasa, kuma sansanin zamani yakan danne shi gaba ɗaya.

Ta uku ita ce siffa. Shaguna suna da zobba ƙerarru da aka yi wa gurbi daidai da ma'aunin duwatsun zamani. Tsohon dutse ba ya shiga irin wannan gurbi lafiya, domin wani gefensa ya fi wani, kuma kambinsa ya fi tsawo. Idan aka tilasta shi sai a bar giɓi a wata kusurwa, ido kuwa ba ya barin giɓi. Sansanin da ya dace shi ne wanda aka ƙera bisa awon wannan dutsen kansa. Ga yankan tsohuwar mahaƙa, sansani mai siffar matashin kai ya fi. Ga tsohon yankan Turai, da'ira ko mai kusurwa takwas. Ga Asscher, mai kusurwa takwas da ke bin datsattsun kusurwoyinsa. Shi Asscher yana da wani sharaɗi na daban: fuskokinsa kamar tagogi suke, ba su ɓoye tabo, don haka yana buƙatar tsabta fiye da sauran, waɗanda yawan fuskokinsu kan rufe ƙananan tabo.

5.0 Takarda, Ido da Ciniki

Takardar shaida daga ɗakin bincike wajibi ce, amma dole a san yadda ake karanta ta. Tun 2006 GIA take ba zagayayyun duwatsu darajar yanka, kuma ma'aunin an gina shi ne a kan yankan zamani, don haka tsohon dutse mai kyau zai iya samun daraja ta ƙasa ba tare da wani laifi ba. Cibiyar tana kiran dutse tsohon yankan Turai, ta kuma cire shi daga wannan ma'auni, idan ya cika uku daga cikin sharuɗɗa huɗu: teburi bai wuce kashi 53 ba, kusurwar kambi ta kai digiri 40, ƙananan fuskokin mazurari ba su wuce kashi 60 ba, cibiya kuma ta kai matsayin mai ɗan girma. Abin lura shi ne wannan suna siffa yake bayyanawa, ba shekaru ba. A yau ana yanka sababbin duwatsu, har da waɗanda aka ƙera a ɗakin gwaji, da tsohon fasali. Ba aibu ba ne a saye su, amma farashinsu daban ne, kuma hakkin mai saye ne a faɗa masa a rubuce. Ɗamara mai kaushi wadda ba a goge ba, da ƙananan gutsure a gefe, da rashin daidaiton fuskoki, alamu ne na tsufa, ko da yake ba hujja ce yankakkiya ba. Da madubin maƙera mai ƙara girma sau 10 ake duba su, kuma abin da ake tsoro shi ne tsaga wadda ta taso daga ɗamara ta nufi ciki, domin matsin ƙarfe lokacin ɗaurawa zai iya buɗe ta.

Masu talla sukan ce tsohon dutse ya kuɓuta daga jinin yaƙe-yaƙen Saliyo da Angola, waɗanda suka sa aka kafa tsarin tantancewa na Kimbali a 2003. Gaskiya ne, kuma sayen sa ba ya buƙatar sabon haƙa. Amma bayi 'yan Afirka ne suka haƙo duwatsun Birazil, kuma ma'aikatan Kimbali baƙaƙen fata an tsare su a killatattun gidaje tun daga shekarun 1880. Tsufan dutse ba ya wanke tarihinsa, sai dai ya nesanta shi.

Akwai kuma wani ruɗani da wanda ya saba da zinare zai iya faɗawa. Matan Hausa sun san zinare a matsayin ajiya, domin ana auna shi da giram a sayar a kan farashin ranar. Lu'ulu'u ba haka yake ba: babu farashi ɗaya na giram, kuma wanda ya kai nasa kasuwa yakan karɓi ƙasa da abin da ya biya, sau da yawa ƙasa ƙwarai.

Batun kulawa shi ma yana shiga cikin zaɓi. Lu'ulu'u yana jan maiƙo, sansani kuma yana da lunguna da yawa inda man shafawa da sabulu ke taruwa, don haka ya kamata bayan zoben ya kasance a buɗe yadda buroshi mai laushi zai shiga. Wannan ya saɓa da yadda ake ɗaura yankan fure a da, inda ake rufe bayansa da ƙarfe a shimfiɗa masa siririn ganyen azurfa don ya maido haske. Ruwa idan ya shiga wannan rufi yakan baƙanta ganyen, dutsen ya mutu. Ga wadda take alwala sau biyar a rana, irin wannan zobe sai dai na fita biki, ba na kullum ba. Idan kuma maƙeri ya ba da shawarar a ɗan goge ɗamarar tsohon dutse kafin a ɗaura shi, a tambaye shi nawa zai ci daga nauyin, a kuma tsaya a kan cewa gyaran bai wuce ɗamara ya taɓa kambi ko cibiya ba.